Wai Sai An Je Rumsiki Kafin A Samu Abin Ɗauka A Hoto?

Ɗan ƙanwata ne ya ja min wannan rubutun. Yaron nan ya fi wata takwas yana zaman wani ɗan kiyos a bakin karfur, wato mahaɗar hanyoyi, a nan garinmu Garwa ta Kamaru, cajin waya da tura kuɗi, yana ƙulla 'yan canjinsa, har Allah Ya sa ya sayi kyamara ta hannu a wajen wani mai ɗaukar hoton biki da zai koma Ngaundere. Ranar da ya shigo da ita gida har kakarsa sai da ta shafa ta sa albarka.

Bayan sati uku muna zaune a ƙofar gida da la'asar na ce to malam mai hoto, kawo mu ga aiki. Hoto goma sha ɗaya na tarar a ciki. Bakwai nasa ne a gaban madubi, huɗu na abokinsa ne ya jingina da motar da ba tasu ba. Na ce ina sauran? Sai ya ce min, "Kawu, a nan me mutum zai ɗauka? Ƙura ce kawai da awaki. Bari dai in tara kuɗin mota in je Rumsiki ko Kiribi, can ne ake hoto." Rumsiki ƙauyen nan ne mai dogayen duwatsu da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa gani, Kiribi kuma garin bakin teku ne.

Wallahi lokacin da yake wannan maganar, a tsallaken hanya mai wankin hula ya jera huluna sun fi talatin a kan gungumensu suna shan iska, kai ka ce taron dattawa ne aka cire musu jiki, rana ta ratso ta cikin dogon yaro ta zuba a kansu tabo-tabo, ga wani ɗan moto, wato mai babur, ya wuce da mutum biyu da rago a tsakiyarsu, ragon ya ɗaga kai yana kallon gari kamar shi ya biya kuɗin. Yaron bai ga ko ɗaya ba, ga kyamara a cinyarsa.

Ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ga abin ya wuce faɗan kawu da ɗa. Ra'ayina dai a taƙaice: wanda bai iya ganin abin ɗauka tsakanin ƙofar gidansu da masallacin unguwa ba, ko Makka aka kai shi hoton kansa zai dawo da shi. Kuma wannan rainin da muke yi wa abin da ke gabanmu ba ƙaramar asara yake ja mana ba, mu duka, ba masu kyamara kaɗai ba.

Sabo ne ya rufe mana ido

Waɗanda suke Garwa a watan Janairun 2022 za su tuna lokacin kofin Afirka, da aka ajiye Najeriya a nan filin Rumde Ajiya, ta ci Masar ɗaya da nema a wasan farko, daga baya Tunisiya ta kore ta. Gari ya cika da baƙi, 'yan jarida da 'yan kallo, wasu ta jirgi wasu ta hanyar Yola. Ni abin da ya tsaya min a rai ba ƙwallon ba ne, abin da na ga baƙin nan suna ɗauka ne. Mai shayi yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa. Kilishi a shanye. Masu moto sun yi cincirindo a inuwa. Wani ma na gan shi ya durƙusa yana ɗaukar tulun ruwan sha da aka ajiye a ƙofar gida sadaka, da moɗarsa a kan faifai. Muna ta dariya muna cewa ji ƙauyanci.

To su waye 'yan ƙauyen? Su sun koma da Garwa a cikin jaka, mu da muke cikinta in aka ce kawo hoton layinku na shekara goma da suka wuce, sai dai a yi ta kame-kame.

Ka gwada da kanka, shiga intanet ka nemi tsofaffin hotunan garin nan. Yawancin abin da za ka samu Turawa ne suka ɗauka, Jamusawan da suka shigo a 1901, da Faransawan da suka gaje su bayan yaƙin 1915. Kuma abin da ya dame su suka ɗauka: lamiɗo da dawakansa, barikinsu, sojojinsu, su da kansu sun harɗe a kujera. Dattawanmu suna ba mu labarin lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai daga Najeriya in damina ta yi nisa, a sauke kaya a loda auduga da gyaɗa, gari ya ɗauki harama na 'yan makonni kafin ruwa ya ja. Ina hoton 'yan dakon da suka yi wannan aikin? Ina na matan da suke sayar musu da abinci a bakin ruwa? Kakanninmu ne fa. Su suna da uzuri, ba su da abin ɗauka. Mu kuwa kowane aljihu da kyamara a ciki.

Kuma kar ka ce ai wannan zamanin da ne. Ina 'yan kol-bos ɗin nan masu lema da teburi da waya ɗaure da zare, da muke layi muna biyan kuɗin minti? Ina masu kaset? Ina fitilar ƙwai da aci-balbal da 'yan tireda ke kunnawa da dare kafin fitilun caji su kore su? Jiya-jiyan nan ne, kuma ni kaina da nake wannan surutun ba ni da hoton ko ɗaya. Lokacin da suke nan gani muke yi ai kullum suna nan. Ko teburan zuwa-zuwa, wato man fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, da muke gani kamar ba za su taɓa ƙarewa ba, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wasu a unguwarmu sun naɗe sun kama wata sana'a. Dutse kuwa yana nan. Duwatsun Rumsiki sun riga kakan kakanmu zuwa duniya, an ɗauke su sau dubu nawa, suna jikin kalanda da bangon otal da tallan yawon buɗe ido, ba su matsu da kyamarar ɗan ƙanwata ba.

Ban ce kar a je ba fa. Na je, wurin ya kai a je. Amma mutum ya yi kwana biyu a wurin da bai sani ba, ya tsaya inda ɗan rakiya ya ce ya tsaya, ya ɗauki irin hoton da duk wanda ya tsaya a nan ya ɗauka, sannan ya dawo ya rataye kyamara sai wata shekara, wannan ba koyon hoto ba ne, yawon sallah ne.

"Ai wurin namu ne ba shi da kyau"

Wannan ita ce maganar da aka fi yi, kuma na fahimce ta. Katangar bulo ba fenti, kwata, leda ta maƙale a ƙaya, wayoyin wuta sun sarƙe. In ka fito ƙarfe sha biyun rana a watan Afrilu, zafi ya haura arba'in, komai ya yi fari fat, inuwa ta taru a ƙarƙashin idon mutum kamar an doke shi, gaskiya ko ni ba na ganin abin ɗauka.

Amma laifin ba na wurin ba ne, na lokacin ne. Hoto haske ne kafin komai. Katangar nan da ka raina da azahar, dawo ka gan ta da ƙarfe shida da rabi na safe, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta tana dukan ta daga gefe, duk wani gurbi da zanen hannun magini sai ya fito, jar ƙasa ta koma kamar an shafa mata man ja. A nan wajenmu wannan hasken ba ya daɗewa, rana tana fitowa take miƙewa sama, da yamma kuma kafin ka ankara an kira magariba, saboda haka wanda ya san lungun shi ne da riba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka kuma shi ya san ƙarfe nawa rana ke leƙowa ta tagar zaure. Baƙo ba zai taɓa sani ba.

Ƙurar ma da yaron yake kuka da ita, masu hoto a wasu ƙasashe kuɗi suke kashewa su sa hayaƙi don su samu abin da hunturu ke ba mu kyauta daga Disamba zuwa Fabrairu. Hazo yana tace rana, ya kashe mata kaifi, ya ɓoye tarkacen da ke nesa, sai abin da ke kusa ya fito shi kaɗai. Ka tsaya a bakin hanya da sassafe lokacin da ake koro shanu, ƙura ta tashi rana na bayanta, ƙahonni kawai kake gani da sandar makiyayi. Ko masu shara da asuba. Ko hayaƙin mai makala da ƙosai, yara sun kewaye ta da 'yan kwanoninsu kowa ya ƙudundune a cikin zanen uwarsa. Sai dai ka riƙa goge idon kyamarar, kuma kar ka kuskura ka canza gilashi a tsakiyar iska, ƙurar in ta shiga ciki fitarta aiki ne.

Kwalaben zuwa-zuwan nan da na ambata, ka taɓa kallonsu da yamma in rana ta bi ta cikinsu? Kamar zuma. Na daɗe ina wucewa ban lura ba sai ranar da moto ta mutu min a gaban teburin, na zauna jiran yaro ya kawo bakanike.

Sannan akwai abin da shekara ke kawowa ta tafi da shi. Lokacin ɗibar auduga, manyan kamiyo, wato motocin kaya, na kamfanin auduga Sodecoton suna shigowa da kaya, iska tana fizgo ta, ƙayoyin bakin hanya duk su yi furfura. Binuwai da rani ta ja baya ta bar yashi, masu wanki su shanya kaya kala-kala fili guda, masu ɗibar yashi, masu lambu, jefi-jefi dorina ta ɗago kai. Ita dai wannan Binuwan in aka saki ruwan madatsar Lagdo wata halitta ce daban, waɗanda suka ga ambaliyar 2012 ba sai an ba su labari ba. Mutanen Marwa suna da kogin Mayo Kaliyawo, da rani filin ƙwallon yara ne, mata na tona rami a yashi suna kwarfar ruwa, da damina kuma ba mai tsallakawa da ƙafa. Suna da majema da dukawa, suna da karal, wato filin laka, inda ake dasa dawar masakuwa bayan ruwa ya ɗauke, ta yi girma ba ɗigon ruwan sama, wanda in ka faɗa wa mutumin kudu sai ya ce ƙarya kake yi. Kasuwar Pitowa ran Lahadi kaɗai ta ishi mutum aikin shekara. Wuri ɗaya, ka tsaya a kan dutse ɗaya, ka ɗauke shi sau goma sha biyu a shekara, wata-wata, ka jera su. Wane baƙo ne zai iya wannan?

In ma fita ce ba ka son yi, shiga madafa. Jeren kwanonin amarya. Bakin murhu. Hannun mai tuƙa tuwo. Takalman da aka zube a ƙofar masallaci ran Juma'a, wanda in ka kalle su da kyau za ka san waye mai kuɗi waye ɗan dako ba tare da ka ga fuskar kowa ba. Allunan makarantar allo an jingine su suna bushewa. Rubutun da ke bayan kamiyo da moto, wani da Hausa wani da Fulatanci wani da Faransancin da ya sha wuya, wannan kaɗai littafi ne.

Waɗanda duniya ta san su ma a gida suka yi

Da na ga yaron yana min kallon tsoho mai surutu, sai na kawo masa mutanen da ba zai iya rainawa ba.

Seydou Keïta na Bamako, a tsakar gidansu ya buɗe wajen hotonsa a 1948, da hasken rana yake aiki, labulen farko da ya rataya a bayan mutane ma abin shimfiɗar gadonsa ne. Mutanen gari ne ke zuwa, ya ara musu rediyo ko agogo ko keke su riƙe. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen tarihi na Faransa da Amurka. Malick Sidibé, shi ma Bamako, bin samari da 'yan mata yake yi wajen rawa da dare, ran Lahadi kuma ya bi su bakin kogin Kwara inda suke wanka da wasa. A 2007 aka ba shi Zakin Zinariya a babban bikin fasaha na Banis a Italiya, shi ne mai hoto na farko kuma ɗan Afirka na farko da ya samu wannan lambar ta aikin rayuwa. Bai je ya ɗauki dusar ƙanƙara ba, yaran unguwa ya ɗauka.

Wanda ya fi burge ni shi ne Ojeikere na Najeriya. Daga 1968 mutumin nan ya sa kansa ɗaukar kitson mata, kitso kawai, yawanci ma ta ƙeya, har ya tara kusan dubu. Ka duba fa, abin da kowace mace ke ɗauke da shi a ka, kowa na gani ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Mu nan wa ya ajiye mana irin kitson iyayenmu, doka da zanen yawo da na Fulanin daji da na Shuwa? Wa yake ajiye zanen lallen da ake yayi bana, wanda baɗi za a ce ya tsufa? Wannan aikin ma mata ne za su fi iya shi, don su ke shiga inda mu ba ma shiga, kuma hannu da ƙeya ba sa tona fuskar kowa.

Ga kuma namu na gida, Samuel Fosso, haifaffen Kumba a 1962, wanda ya buɗe situdiyo a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yana ɗan shekara 13. In ya gama ɗaukar kwastomomi ya ga fim ya yi saura, sai ya juya kyamara ya ɗauki kansa don ya aika wa kakarsa a Najeriya. A nan yaron ya yi wuf ya ce, "To Kawu ai shi ma hoton kansa ya yi." Na ce ƙwarai, ka kama ni. Kuma su Keïta ma ai hoton kwalliya ne, mutane sun ci ado sun zo. Ban ƙi hoton kwalliya ba. Amma duba hoton Keïta, za ka ga atamfar da ake yayi a shekarar, ɗaurin ɗankwali, irin zoben, har ƙasar tsakar gidan. Zamaninsu na ciki. Namu fa? An sa filta ta goge fuska ta yi sumul kamar ta 'yar tsana, an ƙara fari, an cire bangon gidan an liƙa benen Dubai. Jikanka in ya ɗauki wannan hoton me zai gane game da kai, ban da cewa ba ka son inda kake?

"Za ka tona mana asiri"

Wannan maganar ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata gaggawa ba, don masu yin ta suna da gaskiya babba.

Mun gaji da ganin kanmu a hoto muna miƙa hannu. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru wajen 2014, in ka ga hoton yankinmu a jaridar waje to ko sansanin 'yan gudun hijira ne, ko yaro da ƙuda a ido, ko ambaliya. Mutane sun ga ana zuwa da manyan motoci a ɗauke su a tafi, ba su san inda hoton ya je ba, suna dai zargin wani ya ci kuɗi da fuskarsu. Saboda haka in talaka ya ga ka nuna masa kyamara ya haɗe rai, ba ƙauyanci ba ne, ya san abin da yake gudu.

Ni ma an taɓa koya min hankali. Wata mai nono ce a bakin kasuwa, ta jera ƙoren nan masu zane, farin nono, hasken safe, abin dai ya haɗu. Na zaro waya daga nesa na ɗauka ina ganin ba ta gani ba. Ashe ta gani. Ta kira ni da hannu, ta ce cikin Hausarta mai gardin Fulatanci, "Ɗana, nono na kawo sayarwa, ban kawo kaina ba." Na ce Inna ki yi haƙuri, na goge a gabanta. Kunya kamar in nutse. Bayan nan na yi wata biyu ina sayen kindirmo a wajenta muna gaisawa, ran nan da kanta ta ce in ɗauki ƙoren amma ban da fuskarta. Hoton da na samu ranar, hannunta da ludayi da mundaye, ya fi na satar nesa ba kusa ba.

To amsata ga masu cewa tonon asiri ne ita ce, maganin mummunan hoto ba rashin hoto ba ne. In mu ba mu ɗauki kanmu muna aiki, muna dariya, muna cinikin goro, muna kai amarya ba, to wancan hoton na mai ƙuda a ido shi kaɗai zai rage, shi za a ce mu ne. Bambancin ɗan gida da baƙo shi ne ɗan gida gobe ma zai bi ta layin nan, za a tare shi a tambaye shi. Wannan tsoron alheri ne. Shi zai sa ka yi sallama kafin ka ɗaga kyamara, ka nuna wa mutum abin da ka ɗauka, in ya ce goge ka goge ba gardama, in za ka sa a Facebook ka faɗa masa tun farko, in ka samu hali ka wanke ka kawo masa nasa. Matan aure, 'yan mata, yaran mutane, almajirai, marar lafiya, wanda ke cikin wani hali, duk ba abin wasa ba ne. Almajiri ma musamman, don shi ne kowa ke ɗauka ba tambaya saboda an san ba mai tsaya masa. In ba za ka yarda a ɗauki ɗanka a haka ba, sauke hannunka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce komai namu abin kunya ne sai an ɓoye. Tukunyar ƙasa ba talauci ba ce. Tabarma ba talauci ba ce. Wani lokaci mu ne muke ganin asiri a inda babu asirin komai.

Addini, da masu kaki

Akwai wanda zai ce hoto ma ai bai halatta ba. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, wannan fagensu ne, kowa ya bi wanda ya natsu da shi, kuma in mutum ya ce maka shi ba ya so saboda addini to magana ta ƙare, ba wajen muhawara ba ne. Amma ko wanda ya tsananta bai hana ka ɗaukar ƙofa, ko rumbu, ko kwale-kwale, ko hadari ya haɗo ta gabas ba. Rabin abin da na lissafa a sama babu mai rai a ciki.

Maganar tsaro kuwa ba ni da ja a kanta ko kaɗan. Bariki, shingen bincike, gada, filin jirgi, ofishin hukuma, motar sojoji, ka rufe kyamararka ka wuce. Ni an taɓa tsare ni kusan awa biyu a wani wuri saboda faɗuwar rana da na tsaya ɗauka, ban lura da abin da ke gefen hoton ba, sai da aka bi hotunan wayata ɗaya bayan ɗaya har na sunan ɗiyata. Ka riƙa yawo da katin shaidarka, kuma ka san inda kake tsaye. Wannan ma wani dalili ne na farawa daga unguwarku inda kowa ya san ɗan gidan waye kai.

Sauran ƙananan uzurori

"Ba ni da kyamara." Tecno ko Itel ɗin da ke hannunka ta ishe ka farawa. Goge idonta da gefen riga, don yawancin hoton da ke fitowa dishi-dishi maiƙon yatsa ne. Daina jawo abu da zum, yana fasa hoton ne kawai, taka da ƙafarka ka matsa. In mutum baƙi ne kamar mu kuma sama na bayansa, taɓa fuskarsa a jikin sikirin don wayar ta auna haske da shi, in ba haka ba sai ta gyara sama ta bar maka mutum kamar gawayi, ko kuma ka juya shi ya fuskanci hasken, ko ka kai shi bakin zaure inda inuwa take da laushi. Ka durƙusa, ka hau kan benci, kar kullum ka ɗauka daga tsaye.

Abin da ya fi kyamara muhimmanci ma ajiya ne. Hoto nawa suka tafi da wayar da aka sace ko ta faɗa ruwa? Masu hoton da suna da dodon hoto a cikin kwali, shi ya sa aikinsu ya kai yau. Kai kuwa ka tura ta WhatsApp ya matse shi ya rage masa inganci, sannan ka goge na asalin don memori ya cika. Tura shi ta wajen da ake tura takardu, ka ajiye a wuri biyu, waɗanda ka fi so kuma ka kai a wanke maka su a takarda, ka rubuta wuri da shekara a baya. Hoton da ba a san ina ne ba, ba a san yaushe ba, rabinsa ya mutu.

"Ba ya kawo kuɗi." Eh, yawanci ba ya kawowa, ba zan yi maka ƙarya ba. Biki da suna da hoton katin shaida su ke ciyar da mai hoto a garin nan. Sai dai wanda ya saba farautar haske a lungu, in ya je biki ana gane hannunsa.

Shi dai ɗan ƙanwar tawa na ɗora masa sharaɗi, sati guda, kar ya wuce masallaci ta gabas, kar ya wuce mai shayi ta yamma, kuma kar in ga fuskarsa a ciki. Ya yi ta gunaguni amma ya yi. Ya kawo min wajen ɗari biyu, yawancinsu shirme ne, awakin da ya raina ma sun fi kowa yawa a ciki. Amma akwai guda uku da na daɗe ina kallo, ɗaya hulunan nan ne, ɗaya inuwar mai ruwa da kurarsa a jikin katanga, ɗaya kuma kakarsa ce, wato mahaifiyata, tana tsinke zogale a faifai, hasken ƙofa ya sauka a hannunta, duk jijiyoyin sun fito.

Da aka nuna mata sai ta ɓata rai, wai don me zai ɗauke ta da tsohon zani kamar wadda ba ta da 'ya'ya. Ta sa aka ciro mata leshinta na sallah da mayafi, ta zauna a kujera ta ɗaure fuska, ta ce to yanzu ɗauka, wancan kuma a goge. Ya ɗauka. Na ce mata Inna wancan ɗin ni nake so, ba zai fita gidan nan ba, ta ce in dai ba za a sa a waya duniya ta gani ba to in riƙe. Mun wanke duka biyun, nata yana rataye a ɗakinta, nawa yana cikin akwati. Yaron kuma har yanzu yana tara kuɗin motar Rumsiki, ya ce bayan sallah.